Zanen jiragen masunta na San Luwi, bayan wata takwas a falona

Wata takwas ke nan da na rataya wannan zanen fentin mai a falona da ke unguwar Birni a Damagaram, bayan ƙanena ya sayo mini shi daga hannun wani mai zane a Sanigal. Yana nuna kwale-kwalen masunta jere a gaɓar unguwar Get Ndar ta birnin San Luwi, can baya kuma ana hango gadar ƙarfe ta Faidherbe, wadda aka buɗe a 1897. Birnin ya kwanta mini a rai ne saboda ƙaddararsa irin tamu ce: ya riƙe sarautar babban birni kafin Dakar ta karɓe, kamar yadda Yamai ta karɓe daga hannun Damagaram a 1926.

Inda mai zanen ya nuna gwaninta shi ne ruwan. Ya shafa fentin da kauri, launi bisa launi, har idan ka matso kusa ba ka ganin komai sai dunƙulen shuɗi da kore da fari, amma da ka ja baya taku uku sai kogin ya haɗu, inuwar jiragen ja da rawaya tana kaɗawa a cikinsa. Da hantsi ruwan yakan yi haske, bayan la'asar kuma ya yi duhu kamar hadari na tasowa. Ga mutumin da ya tashi a garin da ake kwana a layin famfo, kallon ruwa mai yawa haka yana sanyaya zuciya. Masuntan kuwa ɗigo-ɗigo ne daga nesa, babu fuska, abin da ya kwantar da hankalin mahaifina da ya fara tambayar hukuncin rataya shi.

Aibinsa yana wajen katakon da aka ɗaure yadin a kai. An yi shi a iskar bakin teku mai laima, da hunturu ya shigo sai ya bushe ya karkace, har na kai wa kafinta ya sauya shi. Ba a kuma shafa masa man kariya ba, don haka ƙura tana maƙalewa a kwarin fentin. Da burushi mai laushi nake share ta duk Juma'a, ba na kusantar da ruwa ko tsumma. Wanda zai sayi irinsa ya tambayi wannan tun kafin ya biya, ya kuma nema masa bangon da rana ba ta bugu.