Wata Tara Ina Aiki da Makarin Kunne Mai Makirfo a Injin Casar Shinkafa

Uwargida ce ta fara lura, ba ni ba. Wani dare ina sauraren labaru a tsakar gida ta leƙo ta ce, "Malam, rediyon nan kai kaɗai ka kunna wa, ko har da maƙwabta?" Na ce ai a ƙasa yake. Ba ta ƙara cewa komai ba, sai ta zo ta rage shi zuwa inda ita take ji sarai, ni kuwa sai na ji kamar mai karanta labarun ya cusa tuwo a baki. Ga kuma wani siririn kuka da ke tashi a kunnena da zarar gari ya yi tsit, kamar na gyare, wanda na daɗe ina ɗora wa gajiya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da injin casar shinkafa a wajen Muchiya, cikin Sabon Garin Zariya. Injin casa ɗaya, na fitar da tsakuwa ɗaya, sai babban injin gas da ke jan su in babu wuta, duk a ƙarƙashin rufin kwano guda. Wanda ya taɓa shiga irin wurin nan da kaka, lokacin da shanshera ke sauka daga Giwa da ƙauyukan kewaye, ya san ba a magana a ciki. Ihu ake yi, ko a yi nuni da hannu kamar kurame.

Da na je sashen kunne a asibitin koyarwa na Shika aka saka ni a wani ɗan ɗaki, aka riƙa sako min sauti iri-iri ina danna maɓalli in na ji. Sakamakon ya nuna sautuka masu kauri ina jin su lafiya, sirara ne suka fara guduwa. Abin da hayaniya ke fara ci ke nan. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Shi ya sa mutum zai ji ana magana amma kalmomin su cakuɗe masa. Ni "tsaya" da "saya" ne suka fara zame min abu ɗaya, kuma a sana'ar shinkafa wannan ba ƙaramin rikici ba ne.

Ƙanin matata ma'aikaci ne a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan, wadda ke nan tun 1964. Shi ya ce min, "Yaya, mu a wurinmu ba mai kusantar jirgi injinsa na aiki da kunne a buɗe. Ku kuma kuna kwana kuna tashi cikin abin da bai fi shi sauƙi ba sosai." Ya sa min wata manhaja a waya mai auna ƙara, muka tsaya gefen injin gas, ta riƙa wasa tsakanin 95 da 98. Awon waya ba kamar na ainihin na'ura ba ne, amma ya isa ya nuna wa mutum inda yake. Ma'aunin ana ce masa desibel, kuma lissafinsa da ban tsoro: a 85 kunne zai iya ɗaukar awa 8 a rana, duk ƙarin 3 kuma sai lokacin ya rabu biyu. A 88 awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa ɗaya, a 97 rabin awa. Rabin awa! Mu da muke yin tun bayan asuba har la'asar sakaliya.

To, shi ne na yi odar makarin kunne mai makirfo guda biyu daga Legas. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don akwai abin da zan soka. Kofuna ne biyu masu kauri da ke rufe kunne ruf, da ƙarfen da ke ratsa ka, da makirfo a kan ɗan sanda mai lanƙwasuwa, da waya da ake jona wa rediyon oba-oba a ƙugu. A jikin kowane kofi kuma akwai wani ƙaramin makirfo da ke ɗauko sautin waje ya shigo da shi a tausashe, da batir biyu irin na rediyo. A kwalin an buga EN 352, lambar ƙa'idar Turai ta kayan kare ji, da SNR 30, wato yawan desibel ɗin da yake ragewa a ɗakin gwaji. Na Amurka NRR suke rubutawa. Duk wanda ba ka ga irin wannan lamba a jikinsa ba, hedifon ɗin jin waƙa ne kawai, ko da mai shago ya rantse. Kuɗin guda biyun da rediyoyinsu sai da ya ci min ribar makonni, na kuma yi ta ƙunƙuni.

Ranar farko da na saka, abin da ya fara ba ni mamaki ba shirun ba ne, don ba ya kashe ƙara gaba ɗaya, rage ta yake yi kamar injin ya koma bayan katanga. Mamakin shi ne da na tashi aiki kaina bai yi nauyin da na saba ji ba. Ashe rabin gajiyar nan ta hayaniya ce.

Amma amfaninsa na gaske a makirfon yake, kuma sai da na yi wata guda kafin na gane. Da can na taɓa sayen makari maras makirfo na rataye a ƙusa, domin duk minti biyar sai an ɗaga kofi ɗaya a ce "me ka ce?" Mai kaya ya zo, a ɗaga. Yaro ya tambayi buhu nawa suka rage, a ɗaga. Idan aka tattara waɗannan ɗage-ɗagen a yini za su kai rabin awa cikin sauƙi, kuma a ƙarar 97 wannan rabin awar ita ce rabon kunne na ranar baki ɗaya. Makarin da aka rubuta wa 30, in ka cire shi na rabin awa cikin awa takwas, kariyar da ka samu a jimlace ba ta wuce 12 ba. Da wannan sabon kuwa, yaron da ke zuba shanshera a sama sai ya danna maɓalli ya ce, "Oga, rage gudu, bel na zamewa," in ji shi tar a cikin kunnena ina can gefen injin gas, ba wanda ya ɗaga komai. Sau biyu wannan ya cece mu daga tsinkewar bel.

Sai dai makirfon yana da sharaɗi. An yi shi ne ya ƙi ɗaukar sautin nesa, don haka dole ya kusan taɓa leɓe. In ya yi nisan yatsa biyu, muryarka ta ɓace, sai ƙugin inji abokin aikinka zai ji. Yaran sun sha ture shi ƙasan haɓa don su tauna rake, sannan su ce abin ya lalace.

Akwai wani dattijo da ke tare da ni tun farkon buɗe wurin, muna ce masa Baba. Shi ya ƙi sakawa ƙememe. Ya ce, "Alhaji, inji da kunne ake tuƙa shi. In boris ya fara ciwo, kuka yake yi kafin ya mutu. Ka toshe min kunne, wa zai ji?" Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Toshe kunne fiye da kima shi ma haɗari ne, mutum ba zai ji ihun ɗan'uwansa ko motar da ke ja da baya ba. Nan ne ƙananan makirfon nan na waje suke aiki: suna shigo da sautin wurin amma su tsare shi kada ya wuce abin da kunne zai ɗauka. Da su nake jin kiran sallar azahar daga masallacin bayanmu in an rage inji. Amma kada in yi ƙarya, kukan injin yana sauya kama a ciki, sai na yi kusan mako biyu kafin na sake koyon muryarsa.

Yanzu ga inda na sha wuya.

Zafi. Da sanyin hunturu daɗi ne, har ɗumama kunne yake yi. Amma a Maris da Afrilu, ƙarƙashin kwano, gumi ke taruwa a cikin kofin har ya gangaro wuya. Ba ni da maganin wannan sai fita waje nesa da inji, a cire, a goge, a sha iska, a dawo. A ciki dai ba a cirewa.

Na biyu hula. Wannan babu wanda ya gaya min, takardar da ke cikin kwalin ma da harsuna barkatai aka rubuta ta amma ba ta san da zanna bukar ba. Duk abin da ya shiga tsakanin matashin robar da ke bakin kofin da fata, ko gefen hula ne, ko ƙafar tabarau mai kauri, ko fensirin da ake saƙalewa a bayan kunne, ya buɗe wa ƙara ƙofa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: inji na aiki, in danna kofunan biyu da tafin hannu. In ƙarar ta ragu sosai da na danna, to akwai inda yake yoyo. Da hula a kaina kullum sai ta ragu. Yanzu hular tana rataye a ofis, sai in zan fita.

Matashin nan na roba mai laushi da ke zagaye da bakin kofi, shi ne ran abin gaba ɗaya, kuma shi na fara kashewa da hannuna. Ƙurar ɓuntu da baƙin mai sun haɗu sun yi masa dabbare, sai na tsoma tsumma a fetur na goge, yadda muke yi wa kowane ƙarfe a wurin. Ya yi fes. Bayan kwana goma ya ƙandare ya fara tsagewa. Fetur, kananzir, sipirit, duk suna cinye irin robar nan. Abin da yake so ruwan ɗumi ne da ɗan sabulu a tsumma, a matse sosai, a goge, a bar shi ya bushe a inuwa. Ba a tsoma shi a ruwa, akwai lantarki a ciki. Ko ba ka yi wautata ba, masu ƙera irin waɗannan suna cewa a sauya matashin da soson ciki kamar duk wata shida ga mai sakawa kullum, domin gumi da man jiki suna busar da shi. Babban abin haushin shi ne na zaga shagunan unguwar PZ da kasuwar Sabon Gari ban samu na canji ba, wanda ya sayar min kuma sai da ya ja ni mako biyar. Wanda zai saya, ya haɗa da matashi biyu ko uku tun a odar farko, in mai sayarwa ya ce ba shi da su, ya nemi wani.

Ɗan soson da ke kan makirfo shi ma ƙura na toshe shi, musamman da hunturu. Ina zare shi duk Juma'a in wanke, in ya bushe in mayar.

Batir kuma ya koya min hankali da hutun babbar sallah. Mun rufe kwana tara, na bar su a ciki, ɗaya ya yi amai ya ci ƙarfen da yake taɓawa. Sai da mai gyaran rediyo ya kankare. In za a ajiye shi fiye da 'yan kwanaki, a cire batir. Kada kuma a bar shi a gaban mota cikin rana ko a jikin injin da ya yi zafi, kada a rataya shi a buɗe a kan wani abu mai faɗi, ƙarfen kan zai saki ya daina matsewa. Ni yanzu bokitin fenti mai murfi na wanke, nan suke kwana.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wayar da ke sauka zuwa rediyo. A wurin da bel da fule ke juyawa, duk abin da ke lilo abokin gaba ne. Wata rana na ga ta yaron tana reto kamu ɗaya daga bel lokacin da ya sunkuya, gabana ya faɗi. Tun ranar dokar ita ce a zura ta ta cikin riga, ta fito a ƙugu. Da zan sake saye, maras waya zan nema, mai Bluetooth ko mai rediyo a jikinsa, ko da ya fi tsada.

Wani abu kuma da na hana: karɓa-karɓa ba tare da gogewa ba, da saka shi kan jiƙaƙƙen kunne bayan alwala. Damshi da zafi a rufe, ƙaiƙayi ne ke biyo baya. Sai kuma ƙure sautin rediyon. In ka tare ƙarar waje sannan ka cika kunnenka da ta ciki, an gudu ne ba a tsira ba. Haka masu cusa iyafis suna sakin waƙa don su danne kukan inji, su nasu ya fi muni. Hedifon ɗin zamani masu kashe hayaniya da lantarki ma, irin na matafiya, sun fi iya ƙugi mai kauri da ba ya sauyawa, ba a yi su don gefen injin casa ba. Auduga kuwa, wadda yawancinmu muka taso muna gani, kusan ba ta tare komai.

Shin ya cancanci kuɗinsa? A wurina e, domin mu biyu ne ko uku a wurare daban-daban kuma dole mu yi magana. Mai injin niƙa ko markaɗe a ƙofar gida, wanda shi kaɗai ne a kan injinsa, ba ya buƙatar wannan kashe kuɗin. Makari maras makirfo mai lamba a jiki, ko 'yan soson nan da ake murzawa a cusa, sun ishe shi, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Masu walda da masu injin yankan katako da na gani a Tudun Wada ma haka.

Kukan gyaren nan bai tafi ba, an kuma gaya min kada in sa rai. Na dai koma Shika bayan wata takwas, layin da ke kan takardar gwajin jina yana nan inda yake, bai ƙara sauka ba. Baba kuwa har yanzu bai ce ya yarda ba, amma makon jiya da na dawo daga banki na tarar da nawa a kansa, hularsa a aljihu, yana faɗa wa yaron sama ta makirfo cewa ya cika zuba shanshera kamar ana korarsa. Na uku na hanya, da matashi huɗu.