Maikiroskof mai ido biyu ko ɗan USB mai allo: wanne ya dace da duba tsofaffin sulalla?

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka tambaya wanne za ka saya, maikiroskof mai ido biyu ko ɗan USB, wato ƙaramin maikiroskof da ke nuna hoto a allo. Tunda kwabo mai huji, anini, sisi, sule da dala kake son dubawa ka kuma ɗauki hotonsu, ka sayi mai ido biyun, irin wanda ke da kafa ta uku a sama inda ake ɗaura kyamara. Ka nemi mai girmamawa daga ninki 7 zuwa 45, irin na kamfanin AmScope da makamantansa. Shi ne a kan teburina, kuma ban ga abin da zai sa in sauya ba.

Abin da yake ba ka shi ne zurfi. Kowane ido yana kallo ta hanyarsa, saboda haka harafi yana tashi a gabanka da tudunsa da gangarensa. A nan ake gane kwabon da aka buga da wanda aka narka aka zuba: na zubi fuskarsa cike take da ƙananan ramuka da ƙuraje, bakin haruffansa a dakushe, wani lokaci har da layin haɗi a gefe. Haka ƙananan alamomin nan na sulallan Afirka ta Yamma na zamanin Ingila, masu nuna masana'antar da ta buga su: H na Heaton da KN na Kings Norton, dukansu a birnin Birmingham na Ingila. Idan wani ya liƙa harafin ko ya kankare shi, za ka ga ƙarfen da ke kewaye ya sauya kama da zarar ka karkata kwabon ƙarƙashin fitila. Tazarar da ke tsakanin gilashi da kwabo kusan milimita 100 ce, hannunka zai shiga ya juya shi yadda kake so.

Amma kada ka saye shi tsurarsa. A ninki 7, da gilashin ido na 10x/20, faɗin abin da kake gani bai kai milimita 29 ba, kwabo mai huji kuwa ya ɗan haura 30. Sai ka haɗa da gilashin ragewa na 0.5x da ake murɗawa a ƙasa. Shi zai mayar da ninkin 3.5 zuwa 22.5, faɗin gani ya kai wajen milimita 57, tazarar aiki ta ƙaru sosai. Dala mai hoton Maria Theresa, wadda faɗinta ya kai milimita 40, za ta shiga gaba ɗayanta. Ka tabbata sandar na'urar tana da tsawon da kan maikiroskof ɗin zai hau sama, in ba haka ba hoton ba zai taɓa fitowa tar ba. Kuma ninki 20 ya ishe ka kusan duk aikin sulalla.

Ɗan USB ɗin yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba, amma hotonsa shafe yake, sandarsa gajera mai rawa, fitilunsa 8 kuma suna haska azurfa har rubutu ya ɓace. In dole sai shi, nemi mai doguwar sandar ƙarfe wanda ake iya kashe fitilunsa.

Batun kyamara, mai megafiksel 5 na gaskiya ta wadatar, ko ta USB zuwa kwamfuta ko ta HDMI zuwa allo. Mahaɗinta shi ne inda mutane ke tuntuɓe: kyamara mai sensa (ɓangaren da ke ɗaukar hoto a cikinta) mai girman 1/2 tana son mahaɗi 0.5x, mai 1/3 tana son 0.35x. Ba tare da shi ba tsakiyar kwabon kawai za ta ɗauko. Ko da shi ma, kyamara ba ta ganin duk abin da ido ke gani, don haka dala ba za ta shiga hoto ɗaya ba. Cikakken hoton fuska da baya ka ɗauke shi da wayarka a kan mariƙi, tana kallon ƙasa daidai, da jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannu ya girgiza ta. Mai babbar kyamara ya sa gilashin makro (na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa) na milimita 100, a saitin f/8 da ISO 100. Wani abu kuma, kyamarar da ke kan maikiroskof ta hanyar ido ɗaya take kallo, a ɗan karkace, shi ya sa gefe guda yakan yi dishi-dishi in an girmama sosai. Tura 'yar takarda ƙarƙashin gefen kwabon har ɓangarorin biyu su daidaita.

Ragowar kuɗinka zuba shi a haske. Fitilar zobe da ake haɗowa da na'urar ta yi wa masu gyaran waya daidai, amma tana kashe tudun rubutu. Fitilu biyu masu lanƙwasuwar wuya, ɗaya a wurin ƙarfe 10 ɗaya a wurin ƙarfe 2 in ka ɗauki kwabon kamar fuskar agogo, kowace an rufa mata farar takarda mai shara-shara, su ne maganin ƙyalli. Kashe fitilar ɗaki, daidaita launi da farar takarda, ka shimfiɗa baƙin ƙyalle mai laushi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu talla a intanet. Duk ɗan USB da aka rubuta wa 1000x ko 1600x, lissafin girman allo ne aka cusa ciki. Megafiksel 48 a kan kyamara mai arha galibi hura hoton aka yi da manhaja, sai ka tambayi lambar sensar, ka kuma ce a turo maka hoton tsabar kuɗi da aka ɗauka da ita. Tambayi ko ido biyu da kyamara suna aiki lokaci guda, domin wasu in ka ja sandar kyamara ido ɗaya yake mutuwa. Duba kuma ko na'urar wutar fitilun tana karɓar 220 zuwa 240, kada a aiko maka ta Amurka mai 110.

Masu sayar da dala ma ka sa musu ido. Shekarar 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, da ita ake ta buga ta tun bayan rasuwar sarauniyar. Ta gaske tana auna giram 28 da 'yan kai, don haka ka haɗa da sikeli mai auna 0.01 da maganaɗisu, azurfa ba ta kama shi. Kada ka goge kwabo da toka ko lemun tsami kafin hoto, duk ƙarcen zai fito a ninki 10, darajarsa kuma ta faɗi. Da hunturu ka riƙa rufe na'urar da rigarta, ƙura in ta shiga kan sensa kowane hoto sai ya fito da ɗigo.