Kwas ɗin bidiyo ko littafi da Excel? Ga wanda zan ce ka ɗauka kafin ka shiga ajin MBA

Ƙanena, ka tambaye ni wanda za ka ɗauka don koyon akanta da sarrafa kuɗi da ƙididdiga kafin ka fara MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci: tsakanin kwas ɗin share fage na bidiyo da ake biya da kuma littafi mai atisaye haɗe da manhajar lissafi ta Excel, ɗauki littafin. Wata ukun da ka ce sun rage maka kafin a fara karatu sun isa, in dai kullum za ka zauna da fensir a hannu. Duka biyun na saya lokacin da nake shirin shiga MBA. Ɗaya yana nan kan kantata har yau, ɗayan kuwa ko kalmar sirrin shigarsa na manta.

Littafin nawa na hannu ne, a wurin wani da ya gama karatu na same shi. Bangon ya rabe an manne shi da salatif, gefen shafuka duk rubutun fensir na wanda ya riga ni. Da farko rubuce-rubucen nan haushi suke ba ni, sai daga baya na gane su ne rabin darajar littafin. A mako na biyu na ci karo da wani atisaye: ƙaramin kamfani, ciniki goma sha huɗu, a shigar da kowanne, a fitar da takardar kadara da bashi. Na gama, ɓangarorin biyu suka ƙi haɗuwa. Bambancin 270. Na sake tarawa, 270. Na bi shigarwar ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara yaji, ban ga komai ba, domin idan kai ka rubuta kuskure, idonka karanta shi yake yi daidai. Can wajen tsakar dare na lura da wani ɗan rubutu a ƙasan shafin, mai littafin na farko ya sa: in bambancin ya rabu da 9 ba saura, duba ko ka juya lambobi. Na raba 270 da 9, ya ba ni 30 cif. Ban yi minti biyar ba na gano inda na rubuta 630 maimakon 360. Ni kaɗai a ɗaki na yi ta dariya kamar wanda ya ci gasa.

Tun daren nan ban ƙara mantawa da abin da ya sa dole takardar ta daidaita ba. Duk abin da kamfani ya mallaka, ko dai da bashi aka samo shi ko da jarin masu kamfanin, babu hanya ta uku. Shi ya sa kowane ciniki sau biyu ake shigar da shi, dabit a gefe guda, kiredit a ɗaya gefen. Tsarin ya tsufa ƙwarai. Luca Pacioli ya bayyana shi a littafin lissafin da ya buga a birnin Venis a 1494, kuma ba shi ya ƙirƙira ba, abin da 'yan kasuwar Italiya suke yi ne ya rubuta. Fiye da shekara 500 ke nan ana koyonsa da alƙalami da gogewa, kuma ban ga alamar hakan ya canza ba.

Abin da zai fi ɗaure maka kai a aikin akanta shi ne riba daban, kuɗin da ke hannu daban. Ka sayi kaya na 300 ka biya nan take, ka sayar da su 500 bashi a watan Disamba, mai saye zai biya a Fabrairu. Takardar riba da asara ta shekarar za ta ce ka ci ribar 200. Takardar shige da ficen kuɗi za ta ce 300 sun fita, ko sisi bai shigo ba. Duka biyun gaskiya suke faɗa. Haka injin da aka saya 600 aka ƙiyasta zai yi shekara 5: kuɗin sun fita rana ɗaya, amma a takardar riba 120 kawai za a riƙa cirewa duk shekara a matsayin raguwar daraja. Kamfani yana iya nuna riba a takarda ya kasa biyan albashi. Wannan in an faɗa maka za ka ce ka gane. Ba ka gane ba sai ranar da ka gina takardun uku, ta riba da asara, ta shige da ficen kuɗi da ta kadara da bashi, da hannunka, ka ga ribar ta gangaro ta shiga jarin masu kamfani, ka ga ragowar kuɗin da ke ƙarshen takardar shige da fice ita ce dai ke zaune a cikin jerin kadarori.

Kwas ɗin bidiyon kuwa, to, ba zan ce banza ba ne. Malamin ya iya bayani, zane-zanen suna da kyau. Matsalar ita ce kallo yana da daɗi. Na riƙa ƙara wa bidiyon sauri ina gyaɗa kai, tambayoyin ƙarshen kowane kashi na zaɓi ɗaya cikin huɗu ne, na cinye su, aka ba ni satifiket. Makon farko a aji aka miƙo mana bayanan wani kamfani aka ce a fitar da shige da ficen kuɗinsa, na zauna ina kallon takarda kamar ba ni na gama kwas ba. Kafin lokacin jarrabawa ma wa'adin shiga ya ƙare, sai an sake biya. In makarantarka ce ta wajabta wani kwas takamaimai, yi shi, ba ka da zaɓi. In kuma bayani da baki kake so idan wani babi ya cije, Khan Academy na da bidiyon ƙididdiga da na harkar kuɗi kyauta. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

A darasin sarrafa kuɗi abu ɗaya ne ginshiƙi: kuɗin yau sun fi na baɗi daraja. Duk sauran rassa ne. Gwada wannan a Excel yau ɗin nan. An ce ka zuba 1,000 yanzu, za a ba ka 400 a ƙarshen kowace shekara har shekara 3. Da ido, 1,200 ta fi 1,000, sai ka ce ciniki ya yi. Amma in kuɗinka za su iya samo maka kashi 10 cikin ɗari a wani wuri, 400 ta shekarar farko darajarta a yau 363.64 ce, ta biyu 330.58, ta uku 300.53. Tara su, ba su kai 995 ba. Wato ka yi asarar kusan 5.26. Ka fara yin wannan da hannu, kowace shekara a nata layin, kana rabawa da 1.1 sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kafin ka taɓa umarnin NPV na Excel, wanda ke lissafa darajar kuɗin gaba a yau. Dalilina shi ne umarnin yana da wani tarko da ya kama ni a aikin gida na farko: yana ɗaukar lambar farko da ka ba shi a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya. In ka cusa 1,000 ɗin da ka zuba yau a cikinsa tare da sauran, zai rage mata daraja ita ma, ya ba ka asarar 4.78. Daidai shi ne ka sa kuɗin shekaru ukun kaɗai a ciki, sannan ka cire 1,000 a waje. Wanda bai taɓa yi da hannu ba ba zai ma san amsar ta karkace ba.

Ga wata 'yar dabara da za ta fisshe ka a aji idan malami ya jefo tambaya: raba 72 da yawan kuɗin ruwa, za ka san kusan shekarun da kuɗi za su ninka. A kashi 8, shekara 9. Ita ma tana cikin littafin Pacioli ɗin nan.

Ƙididdiga ce mutane suka fi tsoro, alhali a matakin da kake ita ce ta fi sauƙin kamawa. Ma'aikata biyar, albashinsu 30, 32, 35, 38 da 265. Matsakaici 80 ne, amma huɗu daga cikinsu ko rabin haka ba sa samu. Lambar tsakiya, 35, ita ta fi faɗin gaskiyar wurin. In ka san lokacin da za ka yi amfani da wannan ka bar wancan, ka fara. Daga nan sai ma'aunin warwatsuwar lambobi. A Excel za ka ga STDEV.S da STDEV.P, kada ka ɗauki wanda hannunka ya fara taɓawa. Na farko na samfur ne, yana rabawa da adadin lambobin ban da ɗaya. Na biyu na lokacin da kowa da kowa yana cikin lissafin ne. A lambobi biyar bambancin amsar ya kai kusan kashi 12 cikin ɗari, a lambobi 100 kuwa kusan rabin kashi ɗaya ne. Sai ka koyi zana layin dangantaka tsakanin abu biyu, misali kuɗin talla da ciniki, ka kuma saba da tambayar kanka ko tallan ne ya kawo cinikin, ko kuwa kamfanin ne yake ƙara talla a lokacin da dama kasuwa ke ci. Ba sai ka kai ga manyan gwaje-gwaje ba tukuna, za a koya muku a aji.

Wajen zaɓen littafi, sharaɗina na farko amsoshi. Littafin da ba shi da amsar atisaye a baya, ko da ta rabin tambayoyin ce, bar shi. Na biyu, tambayi makarantarku ko da ƙa'idojin akanta na ƙasa da ƙasa, wato IFRS, take koyarwa ko da na Amurka da ake kira GAAP. Tushen ɗaya ne, amma akwai wuraren da suka rabu. Misali, lissafin kaya da ke ɗauka cewa wanda ya shigo ƙarshe shi ya fara fita, wato LIFO, Amurka ta yarda da shi, IFRS ta hana. Tsohon bugu ba laifi ga babobin farko, dabit da kiredit ba su canza ba. Sai dai babin haya da na kuɗin shiga, domin IFRS 15 ta kuɗin shiga ta fara aiki a 2018, IFRS 16 ta haya kuma a 2019, ta sa yawancin hayar da a da ake barin ta a waje ta shigo cikin takardar kadara da bashi. In ba ka son kashe ko kwabo, OpenStax na Jami'ar Rice a Amurka suna da littattafan akanta da ƙididdigar kasuwanci da sarrafa kuɗi kyauta a intanet, bisa halal. Ni dai na fi son takarda saboda gefen shafi, amma wannan son raina ne.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa: ka yi hattara da masu sayarwa. Da zarar an ji ka samu gurbin MBA za su fara ɓullowa. Akwai mai cewa satifiket ɗin kwas ɗinsa zai sa a yafe maka darasin akanta na zangon farko. Makaranta ce kaɗai ke da ikon yafe darasi, ka tambayi ofishin shirin naku a rubuce kafin ka biya kowa. Akwai masu sayar da littafi na PDF, ka buɗe ka tarar babi biyu babu, ko kuma kundin amsoshin na wani bugun ne daban, ka kwana kana neman kuskuren da ba naka ba. Akwai mai sayar maka da littafi na hannu ya ce lambar shiga atisayen intanet tana ciki, alhali an riga an yi amfani da ita, kuma irin lambobin nan sau ɗaya suke aiki. Ka ƙirga babobi da teburin abin da ke ciki, ka duba lambar bugu a littafin da kundin amsar, sannan kuɗi su fita daga hannunka.

Haka kalkuletar harkar kuɗi. Kada ka yi gaggawar saye sai ka ji wacce malaminku yake so a shiga jarrabawa da ita. Biyu ne suka yi suna, BA II Plus ta Texas Instruments da HP 12C wadda ta fito tun 1981, kuma su biyun ne kaɗai ake bari a shiga jarrabawar CFA ta ƙwararrun masu nazarin harkar kuɗi da su, in kana da wannan burin nan gaba. Saboda suna da kasuwa, jabunsu ma na yawo. Idan za ka saya, danna kowane maɓalli a gaban mai kayan, ka yi lissafin 400 ɗin can na sama ka ga ko za ta ba ka abin da Excel ya ba ka. Mai gaskiya ba zai hana ka gwadawa ba. In BA II Plus ka ɗauka, ƙara yawan lambobin bayan ɗigo daga biyun da take zuwa da su, kuma ka tabbata BGN, alamar biya a farkon lokaci, ba ya kan fuskarta sai in biyan farkon wata kake lissafawa.

Rabon lokacin kuma, ba wa akanta mako shida, sarrafa kuɗi uku, ƙididdiga uku. Akanta ta fi cin lokaci domin harshe ce, kuma darasin kuɗin ma da kalmominta ake yin sa. Idan ka kai mako na biyar, sauko da rahoton shekara na kowane kamfani da ke kasuwar hannun jari, kyauta suke a shafukansu, ka nemo takardun ukun nan ka bi ribar da yatsa har inda ta sauka. Fara da babin shigar da ciniki gobe da safe. In takardarka ta ƙi daidaita, raba bambancin da 9, in bai rabu ba raba shi da 2 ka nemi wannan adadin, wataƙila ka sa shi a dabit alhali na kiredit ne. In duka sun ƙi, ɗauki hoton shafin ka turo mu duba tare.