Na gwada lemon sha'ir ɗin Holan mai 0.0 a zafin Birnin Kebbi

Gaskiya Bavaria ɗin nan na gwangwani mai 0.0% ya fi maltina kashe ƙishi a lokacin bazara, wanga shi ne ra'ayina kuma zan faɗi dalili. Amma kafin wani ya fara a'uzubillahi, marar giya nake nufi, wanda aka rubuta 0.0 ɓaro-ɓaro a jikinsa. Mu nan Kebbi shari'a muke kai tun shekarar 2000, Zamfara ma ta riga mu don ita ta fara ƙaddamarwa a 1999 zamanin Ahmad Sani Yarima, to giya ba abin da za a zo ana tallarta ba ne kuma ni ban sha.

Duk wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega ya san mi nake cewa, rana tana wuce digiri 40 cikin sauƙi, iskar da ke bugo ka bisa mashin ma zafi gare ta, ka sha ruwan leda biyu uku cikinka ya cika amma maƙogwaro bai yarda ba. A irin lokacin nan in ka ɗauki maltina ko wani lemo mai zaƙi sosai to daɗi dai akwai, sai dai bayan 'yan mintoci bakinka ya yi danƙo ka koma neman ruwa. Abin da ya sa ke nan da wani abokina mai shagon firiji a wajen kasuwa ya ce in gwada wanga sai na karɓa, kuɗinsa kuma bai wuce na maltina da wani abin a zo a gani ba, na yi zaton kayan Turai zai fi haka tsada.

Da ka fasa gwangwanin ka zuba a kofin gilashi za ka ga launinsa ruwan zinari ne garau kana hango yatsanka ta bayan kofin, ba baƙi mai kauri irin namu ba. Kumfa fari ya taso kusan faɗin yatsa biyu sannan ya kwanta da sauri. Ƙamshinsa kamar na hatsin da aka jiƙa ya fara tsiro, irin wanda iyayenmu mata ke shanyawa don kunun zaƙi, kuma a gaskiya kusan aikin ɗaya ne, su ma masu yin sa sha'ir suke jiƙawa ya tsiro su busar su niƙa su dafa. Kurɓar farko akwai ɗan zaƙi na hatsi, ba na sukari ba, sai can ƙarshe wani ɗan ɗaci ya biyo baya a bayan harshe. Ɗacin nan daga furen hops yake, wani tsiro mai yaɗo da ake nomawa a ƙasashen sanyi, kuma wallahi shi ne sirrin abin, shi ke wanke baki ya bar shi sakayau, ka gama sha ba ka jin kana buƙatar korawa da ruwa. Ƙanena ya kurɓa sau ɗaya ya yamutsa fuska ya ce Yaya wannan ai magani ne, to ka ji, wanda bakinsa ya saba da zaƙi zai ɗan sha mamaki da farko.

Sharaɗinsa ɗaya, sanyi. In ya yi sanyi har gwangwanin na zufa hannunka na ɗaukar raɗaɗi to ba ka da matsala, amma in ya huce ɗanɗanon hatsin yana fitowa da yawa ya yi nauyi a baki. Asalinsa ma haka yake, irin wannan abin sha na Turawan arewa a cikin sanyi ake ajiye shi, ƙasar Holan kuwa ko a tsakiyar bazararsu yawanci zafin bai fi digiri ashirin da 'yan kai ba. Mu kuma nan ga yadda wuta take a bazara, sai shagon da ke da sola ko mai sayen ƙanƙara yana zubawa a kula, saboda haka ka taɓa gwangwanin da hannunka kafin ka biya. Kar kuma ka jefa ƙanƙara ciki, tana tsinka shi ya zama salam.

Kamfanin Bavaria na dangin Swinkels ne a wani ƙaramin gari Lieshout da ke kudancin Holan, kusa da Helmond inda kamfanin Vlisco yake, wato masu atamfar Holan ɗin nan da ake sa wa a lefe. Madarar Peak ma ai asalinta can ne, to kayan Holan ba baƙi ba ne a gidajenmu. Tun 1978 masu Bavaria suka fara yin marar giyar suna kai wa ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya, ba jiya suka faro ba.

Yanzu ga inda nake so a kula sosai don abin ya dame ni. Kamfanin nan na giya ne, yana yin masu sa maye kuma wasu gwangwanayen suna kama da juna in ba ka duba da kyau ba, musamman ga wanda bai iya karatun boko ba, gashi kayan da ke shigowa ta wajen Kamba da Kwatano wani lokaci rubutun jikinsu Faransanci ne. Lamba za ka duba, 0.0%. In ka ga 5% ko sama da haka giya ce tsantsa ka ajiye. Akwai ma na wasu kamfanoni da ake rubuta musu marar giya alhali dokar ƙasashe da yawa ta yarda a kira abu haka ko da akwai har 0.5% a ciki, ni irin wannan ba na taɓawa. Kuma hanya biyu ake bi wajen yin su a duniya, wasu su bari ya zama giya sannan su cire giyar, wasu kuma su hana ta samuwa tun farko, shi ya sa malamai suka yi magana daban-daban a kai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa ko ya bar shi kawai, zobo da kunun aya da lamurje suna nan kuma sun fi arha nesa ba kusa ba.

Ni dai ban ce ya kai fura da nono ba in ana maganar a riƙe ciki, wannan ba abinci ba ne, kuma mai aikin ƙarfi a rana ruwa ya kamata ya fara sha. Inda ya fi dacewa shi ne da la'asar sakaliya ka dawo gida ka watsa ruwa, ko da dare tare da tsire ko gasasshen kifin Yauri mai yaji, ɗacin nan da yajin ƙuli suna shiga da juna sosai.

A gida nake shan nawa cikin kofi, ban riƙe gwangwanin a bakin titi, don daga nesa ba mai ganin 0.0 ɗin sai dai ya ga siffar gwangwanin giya a hannunka, kuma yara na kallo. In za ka saya ka juya gindin gwangwanin ka duba ranar lalacewarsa, ka nemi lambar NAFDAC, wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki ka ce mai shago ya canza maka.