Kwana uku a cikin jirgin AROYA tare da Hajiya

Da ƙyar muka shawo kan Hajiya, mahaifiyata, ta yarda ta shiga. Umara ta zo yi, ta gama, saura mako guda ta koma Kano, sai uwargida ta kawo shawarar mu kai ta ta ga teku, tunda ga jirgin yawon shaƙatawa ya fara tashi daga nan Jidda inda muke zaune. Hajiya ta ce ita duk ruwan da ya fi na randa ba ta wasa da shi. Wanda ya karya ta shi ne jikanta ɗan shekara bakwai, da take kira maigida. Ya ce in ba ta je ba ya sake ta, saki uku. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce a saya mata tikitin.

Ko da mota ta sauke mu a tashar jiragen ruwa, ta ɗaga kai ta yi shiru, can ta ce, "Kai, wannan ai unguwa ce." Ba ta yi ƙarya ba. Tsawonsa mita 335, wato ya ɗara filin ƙwallo uku a jere, ɗakunan kwana 1,678, yana ɗaukar fasinja 3,362, ban da ma'aikata. Ana ta cewa sabon jirgi, to sabo ne a suna da kwalliya, amma bazawara ce aka yi wa lefen budurwa. A Jamus aka ƙera shi, a masana'antar Meyer Werft, ya fara aiki a 2017 da sunan World Dream yana yawo a tekunan gabashin Asiya. Kamfanin da ke da shi ya durƙushe a 2022 bayan annobar korona, kamfanin Cruise Saudi na Saudiyya ya saye shi a 2023, aka sake masa ciki, ya yi fitarsa ta farko daga Jidda a watan Disamba na 2024. In ba an gaya maka ba, ba za ka gane ba, don har ƙamshin sabon kafet na ji a barandar ɗakuna.

Tun a ƙofa ake ba kowa kati guda. Shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, shi ne kuma jakar kuɗi. Sannan aka nuna mana inda za mu taru in wani abu ya faru da yadda ake ɗaura rigar ceto, abin da doka ta wajabta wa irin waɗannan jirage. Nan ne hankalin Hajiya ya tashi. Ta kamo hannuna ta ce, "Kai, in lafiya lau ne, me ya kawo zancen nutsewa tun ba a tashi ba?" Sai da na tuna mata cewa a jirgin saman da ya kawo ta ma an yi irin wannan bayanin, ita ce dai take jan carbi ba ta saurara ba.

Ɗakinmu mai baranda ne, ba shi da faɗi amma babu taku ɗaya da aka ɓarnatar: akwatuna sun shige ƙarƙashin gado, kujera ta zama gadon yara da dare. Masai ɗin irin na jirgi ne mai zuƙa da iska. Karon farko da Hajiya ta danna shi, salatinta muka jiyo daga ɗakinta. Butarta kuwa da ita ta zo tun daga gida, ba ta yarda da kowa ba a wannan fanni.

Abin da ya fi kwanta mini a rai ba wani ƙawa ba ne, abin da babu ne. Babu giya a jirgin, babu gidan caca. Wanda ya san harkar irin waɗannan jirage ya san mashaya da teburin caca suna cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu, kuma galibi a tsakiyar jirgi ake dasa su yadda dole ka ratsa. A nan na saki yara suna gaba ina baya, ban tsaya karanta allon kowace ƙofa ba. A wurin cin abinci ban tambayi kowa naman mene ne wannan ba. Mutumin da ya saba tafiya da iyali a ƙasashen waje yana ƙirga kowace loma shi zai gane irin nauyin da aka sauke mini.

Salla kuma ta zo da nata darasin. A Jidda alƙibla tana gabas sak, kamar a gida, don Makka na nan gabas da mu, tafiyar kamar awa guda a mota. Jirgin ya yi kudu da mu cikin dare. Da asuba na ɗauko waya in duba, allurar ta yi ta juyi kamar ta sha ƙwaya, ƙarfen jirgi ya rikita ta. Na haƙura na tafi masallacin jirgin na bi sahu. Da na dawo na ce wa Hajiya ta juya darduma, yau gabas ta koma arewa. Ta dube ni kallon wanda ya fara taɓuwa. Shekara saba'in tana cewa "duba gabas" in tana nufin salla, yau ɗan cikinta na ce mata ta dubi arewa. Sai da na zana mata a bayan takarda, ga Makka, ga mu a ƙasanta, sannan ta juya tana gunaguni. Ta ƙara da tambayar da ta fi ƙarfina: in jirgin ya karkata tana tsakiyar raka'a fa? Na ce abin da na sani a littattafanmu na Malikiyya shi ne mutum ya juya ya bi alƙibla in da hali.

Abinci sai wanda ya ƙoshi ya bari. Babban ɗakin da ake ɗiba da kai yana cikin kuɗin tikiti, akwai kabsa, gasasshen kifi, taliya, kayan marmari, ga gahawa da dabino. Hajiya ta ci ta yaba, amma kullum sai ta zaro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa. Akwai wasu gidajen abinci na musamman da ake biya daban, ga kuma kantuna jere kamar kasuwa. A nan na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa: miƙa kati ba ya zafi kamar ƙirga Riyal, sai daren ƙarshe da na duba lissafi na ga askirim da tsarabar yara kaɗai sun yi abin da suka yi. Laifina ne, farashi a rubuce yake.

Yara a saman jirgi suka tare, wurin zamiyar ruwa. Akwai kuma igiyar da ake maƙala mutum ya zarce ta saman teku. An yi da ni in hau, na ce ina da iyali.

Tsibirin Jabal al-Sabaya, inda muka yini, farin yashi ne da ruwa garau har kana ganin yatsunka a ƙasa. Hajiya ta zauna a inuwa, ta yarda ta tsoma ƙafa zuwa idon sawu, ta ɗanɗana ruwan ta tofar, ta ce lallai Maliya ce.

Mai niyyar zuwa da tsoho, ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kusa da lif. Ni na zaɓi na can ƙurya don in ga teku sosai, sai ga shi kowace tafiya cin abinci ta zame wa Hajiya safa da marwa, kuma a ƙuryar aka fi jin tangaɗi. Dare na biyu jiri ya ɗan ɗebe ta, shayin citta ya daidaita ta. Kwana uku kuma sun yi kaɗan, ranar da ka fara gane hanyar ɗakinka ranar za ka haɗa kaya. In Allah ya kai mu sanyin baɗi, mai zuwa Sharm el-Sheikh nake so mu shiga.

A daren ƙarshe na same ta a baranda ita kaɗai, ta lulluɓa da mayafi tana kallon duhu. Ta ce kakanta a ƙasa ya tafi Hajji, ta Barno, ta Fort Lamy (Njamena ta yau), ya ratsa Sudan yana noma a hanya yana tara guzuri, har Sawakin, inda ya shiga jirgin katako ya haye wannan ruwan. Shekara bakwai bai dawo ba, har an raba gadonsa. Ta ce tana yarinya in yana ba da labarin Bahar Maliya muryarsa rawa take yi. Ta leƙa ƙasa inda kumfa ke bin gefen jirgi, ta daɗe, sannan ta ce in je in karɓo mata shayi, kar a cika sukari, in kuma taho da dabinon nan masu laushi.