Guguwar Kenan da Duba-garin Bronx

Duk lokacin da sanyi ya shigo, tambayar da 'yan uwa suka fi yi mini daga gida ita ce ko dusar ƙanƙara tana da daɗin gani kamar yadda take a hoto. Amsata tana cikin labarin makon ƙarshe na watan Janairun 2022, lokacin da guguwar da aka raɗa wa suna Kenan ta nufo gabar gabashin Amurka, ita kuwa tukunyar da ke ɗumama benenmu a unguwar Bronx ta birnin New York ta ga babu makon da ya dace ta mutu sai wannan.

Tun farkon makon ake maganar guguwar a talabijin da rediyo, ana nuna hanyar da za ta bi da sa'ar da ake sa ran za ta iso. Kafin daren Juma'a, 28 ga wata, Gwamnan jihar New York Kathy Hochul ta ayyana dokar ta-ɓaci, an soke dubban tashin jirage, an watsa gishiri a kan tituna, an kuma ɗaura wa motocin kwasar shara manyan faifan ƙarfe a goshi domin ture ƙanƙara. Akwai ma shafin intanet da mutum zai duba ya ga lokacin da motar ta bi ta layinsu. A kantuna kuwa abin ban haushi ne, domin mutanen da aka ce musu za su kwana biyu a ɗaki sun wawashe burodi da madara da ƙwai, shebur da buhun gishiri sun yi wuyar samu. Mu namu mun nufi shagunan Afirka, inda kuɗin ɗan ƙullin gero kan sa mutum ya tuna kasuwar Dawanau ya yi shiru.

Ana cikin wannan hada-hada bututun ɗumin ɗakina ya yi sanyi ƙalau. Mai kula da benen ya ce ya sanar da mai gida, mai gidan kuma wayarsa ta ƙi shiga. Abin da talaka ke yi a irin wannan hali shi ne ya jona hita ya kwana da ita, amma a wannan watan babu ɗan Afirka ta Yamma a Bronx da zai kalli hita gabansa bai faɗi ba. Ranar 9 ga watan hitar ɗaki ta haddasa gobara a benen Twin Parks, hayaƙi ya bi ƙofar da ta ƙi rufuwa ya cika gidan, mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, yawancinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Allah ya jiƙansu da rahama.

Wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ke hawa na ƙasa ce ta tare ni a matakala, ta ga na naɗe kaina da bargo, ta ce: “Ɗana, ka bar wahalar da kanka da neman mai gida, ka buga 311 ka kai ƙara, mu ma duk mun buga.” Na ce: “To Hajiya, wa za mu samu a can ya tsaya mana?” Dariya kawai ta yi ta wuce.

Lambar 311 ita ce ta koke-koken da ba na gaggawa ba. Matar da ta ɗauka ta tambayi adireshi, ta tambayi ko ɗakina ne kaɗai ko benen ne gaba ɗaya, sannan ta ba ni lambar ƙara wadda zan riƙa bibiya da ita. A nan na san cewa dokar birnin ta wajabta wa mai gidan haya ɗumama gida daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu: da rana, idan sanyin waje ya sauka ƙasa da digiri 13, dole ɗaki ya kai digiri 20, da dare kuma kada ya gaza kimanin 17. Wanda ya saɓa, tararsa ɗaruruwan daloli ce a kowace rana, kuma hukuma na iya turo masu gyara ta aika masa da takardar biyan kuɗin.

Ranar Juma'ar da rana aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga jami'in duba gidaje, wato duba-garinsu, da katin shaida a wuya da ma'aunin zafi a hannu. Ya tsaya tsakiyar ɗaki ya auna, ya murɗa famfo ya auna ruwan, ya saki ƙofar ɗakin ya ga ko tana rufe kanta, ya rubuta. Ni kuwa duk tsawon lokacin jira nake in ji inda zancen zai karkata, ko ya ce motarsu ba mai, ko ya ce in je ofis in ga oga. Bai ce komai ba. Na yi masa tayin shayi, ya yi godiya ya ƙi. Bai tambayi ɗan wane ne ni ba, lafazina bai dame shi ba, kuma da ya fita bai ratse wurin mai gida sun gaisa a asirce ba. Kafin ƙanƙara ta fara sauka da daddare, mai gidan da wayarsa ba ta shiga ya turo masu gyara, bututun ya fara ƙwanƙwasa yana huci.

Ba kowa ke samun wannan sa'a ba, domin Bronx na cikin unguwannin da suka fi kai ƙarar rashin ɗumi, akwai kuma masu kwana da kwanaki suna jira. Duk da haka wannan mutum ya tsaya mini a rai fiye da guguwar kanta. Kakanninmu sun ba mu labarin duba-garin da idan ya shigo unguwa mata ke rige-rigen wanke randa, yau kuwa sai a gina shago a kan magudanar ruwa da rana tsaka, wanda aka ɗora wa alhakin hanawa ya karɓi na goro ya kau da kai. Mu ma da hannunmu a ciki, tunda mu ne ke juye shara a kwata, mu ne kuma idan za mu kai ƙara sai mun fara neman wanda ya san wani.

Game da sunan kuwa, Kenan ba sunan gwamnati ba ne. Tashar talabijin mai zaman kanta, The Weather Channel, ita ta fara sa wa guguwar hunturu suna a sanyin 2012 zuwa 2013, ta fara da Athena, a Fabrairun 2013 kuma ta kira wata Nemo. Takan tsara jerin sunaye bisa haruffa tun kafin sanyi, Kenan kuwa ita ce ta 11 a jerin wannan shekarar, kuma guguwa kan sami suna idan gargaɗin hukuma ya shafi mutum miliyan 2 ko faɗin ƙasa murabba'in kilomita 400,000. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ba ta amfani da waɗannan sunaye, masana da dama kuma na ganin dabarar jawo 'yan kallo ce, ni ma ban raba ɗaya biyu ba akwai kasuwanci a ciki. Guguwar teku ce ke da suna na hukuma, wanda Hukumar Yanayi ta Duniya ke kula da shi: jeri shida ake juyawa a tekun Atlantika, sunayen mata zalla daga 1953, aka haɗa da na maza a 1979, wadda ta yi ɓarna sosai kamar Katrina a 2005 ko Sandy a 2012 sai a ajiye sunanta har abada. Birtaniya da Ailan sun fara nasu a 2015 da Abigail, a Jamus kuwa wata jami'ar Berlin tun 2002 take sayar wa mutane damar sa sunan da suke so.

Ko na talla ne, na ga amfaninsa, domin suna ɗaya ya haɗa liman da direban tasi da mai shago a kan zance ɗaya tun abin bai zo ba. Mu ma mun iya raɗa wa masifa suna, ga yunwar Kakalaba ta 1914, ga ta 'Yar Buhu ta 1927, sai dai namu sunan bayan an binne mutane yake zuwa. Kuma ba rashin masana ba ne, tunda hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna ma na lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya ci. Takardar kan tsaya a ɗakin taro a Abuja, ba ta zama motar yashe kwata ko shelar mai unguwa ba, sai ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600, sai madatsar Alau ta ɓalle wa Maiduguri a Satumban 2024, sannan a fara rabon tabarma.

Kenan ta sauke inci 8 da ɗoriya a tsakiyar New York, a Boston kuwa kusan ƙafa biyu. Ranar Asabar ɗin babu maƙwabcin da ya leƙo wani in ban da Hajiya da ta aiko jikanta da kunu mai zafi, na zauna ina kewar hunturun gida, inda sanyi ke tara mutane gindin wuta da teburin mai shayi. Samarinmu masu kai abinci a kan keke ba su huta ba, domin masu oda ranar suka fi yawa. Da ta lafa, doka ta ba masu gidaje awa huɗu da rana su share gefen titi ko a ci su tarar da ta fara daga dala 100, motocin ture ƙanƙara suka binne motocin da aka ajiye a bakin hanya, kowa ya fito da shebur yana tonon tasa. Farar dusar da ake tambayata a kanta kwana ɗaya ta yi ta koma baƙin caɓi mai gishiri da ke cinye takalmi, buhunan shara kuma suka taru a ƙofar gida, saboda motocin da za su kwashe su suna can suna turin ƙanƙara.