Gwajin PSA a ɗakunan gwajin jini na Kano: aiki da sauri, tambaya kaɗan

Ɗakunan gwaji masu zaman kansu da ke kusa da manyan asibitocin Kano suna da saurin aiki: a ɗebi jini da safe, sakamako ya fito yau ko gobe. Inda wasunsu ke gazawa shi ne tambaya. Dattijo zai shigo da robar fitsari a jikinsa, jakar tana rataye ƙarƙashin riga, a ɗebi jininsa don gwajin PSA ba a tambaye shi komai ba. PSA sinadari ne da furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ke fitarwa, ana auna shi a jini don neman alamar ciwon dajin furostet.

Sanya robar cikin natsuwa ba ya ɗaga PSA sosai. Toshewar fitsarin da ta sa aka saka ta, da ciwon sanyi na hanyar fitsari, da rauni idan an tura ta da ƙarfi, su ne ke kumbura furostet har sakamako ya haura 4, adadin da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, iyali su shiga fargabar daji a banza. Gara a jinkirta gwajin aƙalla mako 2 bayan fitsari ya saki, kimanin mako 6 idan akwai ƙwayar cuta. Mai shan finasteride, maganin kumburin furostet, kuma ya sanar da masu gwajin, don maganin na rage adadin kusan rabi.

Ɗakin da ke rubuta ranar sanya roba a takardar sakamako shi ya cancanci kuɗinka. Fassarar kuwa a bar wa likitan mafitsara.